Kwanson Harsashi a Tukunyar Tuwonmu

A ƙarshen daminar 2011, ina shirin komawa karatu Alƙahira bayan hutu, tsohon maƙerin unguwarmu ya aiko a kira ni. Na same shi zaune kan buzu a bakin maƙera, manyan 'ya'yansa suna ta dukan ƙarfe a ciki. Shi kam sai dai sauraro, don hayaƙi da tartsatsin wuta sun riga sun cinye masa ido. Autansa ne ya samu gurbin karatu a jami'ar da nake, kuma tare za mu tafi. Auta muke ce masa duk unguwa, amma ba yaro ba ne. Ya haddace Alƙur'ani, ya ajiye gemu, har ya kan ja mu sallah in liman ya yi tafiya.

Bayan mun gaisa tsohon ya ce in matso. Ya lalubo hannuna na dama, ya juya tafin sama, ya dinga shafawa da babban yatsansa mai kaushi.

"Duk 'ya'yana na ba wa wuta," in ji shi, "wannan ɗayan ne na ba wa littafi. Ban ce ka ciyar da shi ba, ban ce ka tufatar da shi ba. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ya taɓa ƙarfe. Na san jinin gidanmu. Ko a bangon duniya ya ji ƙarar guduma sai ya bi ta. Irin wannan hannun naka nake so ka dawo mini da shi."

Na ce, "In sha Allahu, Baba, amana ce na karɓa." Da sauƙi na faɗa, har ina murmushi. A raina cewa nake, birnin da ko a bakin titi littattafai ake bajewa, ina mutum zai ga maƙera?

Ashe a ƙarƙashin gadona take. Gidan da muka kama haya a Ainu Shams, saboda ya fi arha kuma tashar jirgin metro ba nisa, muna hawa na biyu ne, ƙasa kuma shagon wani maƙerin tagulla, irin wanda Misirawa ke kira warsha. Mai shagon kowa Usta yake ce masa, wato ubangidan sana'a. Ƙaton mutum ne mai tumbi, sigari ba ta barin leɓensa, kuma in ya yi dariya sai ka ga haƙoran da shayi ya rine. A da fitilun azumi yake ƙerawa, da farantai masu zane, da sassan tukunyar shisha, ana kai wa kasuwar 'yan yawon buɗe ido. Da hargitsin juyin juya halin shekarar nan ya zo baƙi suka ɗauke ƙafa, fitilu suka yi ƙura a kan kanta. 'Yan sanda suka yi ƙaranci a unguwanni, mai kanti da ɗan iska kowa ya nemi ƙaramar bindiga ya soke a ƙugu. Usta dai bai rufe shago ba, kuma ƙarar aiki ba ta daina fitowa daga ciki ba. Ban taɓa tambayar me ake yi ba, don baƙo a Masar ta lokacin ba ya son sanin abin da bai shafe shi ba.

Shekarar farko Auta ya yi karatu, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai na lura duk sanda za mu wuce ƙofar warsha tafiyarsa takan yi sanyi, wuyansa ya karkace. A gida kuma komai ya lalace shi ne mai gyara: famfo, maɓallin ƙofa, kan tukunyar gas, har fankar maƙwabta. Na kan ce wa kaina ai ɗaure famfo ba ƙira ba ce. Wata rana muna dawowa daga sallar la'asar muka tarar da Usta a bakin ƙofa yana goge wani ɗan ƙarfe da magagari yana zage-zage. Auta ya tsaya, ya yi ta kallo, can sai ya ce masa da Larabcin littafi, "Kana danne shi da yawa, shi ya sa yake cin gefe ɗaya." Usta ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙa masa magagarin don ya kunyata shi. Na ja hannun rigarsa na ce yalla, mu tafi. Bai ji ni ba ma.

Daga ranar abubuwa suka fara sauyawa a hankali. Yakan ce lacca ta ja, ko ya tsaya bita a masallaci. Ƙarƙashin faratansa ya fara baƙi. Rigarsa ta fara wani ƙauri-ƙauri, kamar ashanar da aka kashe a ɗaki. In na tambaya sai ya ce yana ɗan taya Usta gyaran fitilu ne, don Larabcinsa na titi ya faɗa. Na yi faɗa, na tuna masa maganar Baba, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya." Wannan "to, Yaya" ɗin na sha shi har ya ginshe ni.

Ranar Alhamis nake yi mana tuwo. Duk wanda ya yi zaman Masar ya san darajar kuka da daddawar da aka zo da su daga gida. Kullum wake ne da burodi da ta'amiyya, ƙosansu, sai ran Alhamis mutum ya tuna yana da uwa. Tukunya ɗaya muke da ita mai kauri, ita nake yin miya a ciki, in juye, in wanke, in tuƙa tuwo. A faranti ɗaya muke ci, kamar yadda muka taso. Ranar da nake magana na kai lomar farko baki sai na ji wani ɗanɗano, kamar na tsotsi tsohon makulli. Na sake kai ta biyu, tsami-tsami, ɗaci-ɗaci, har haƙorana suka yi sanyi. Na ce daddawar ce ta lalace? Auta bai ɗago ba, ci yake yi kawai, yana cewa shi bai ji komai ba.

Na tashi in zubar da abin da ke bakina, na leƙa baranda, sai na ga an shimfiɗa tsohuwar jarida a bayan igiyar shanya. A kanta an jera wasu 'yan ƙananan kofunan tagulla, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba, baki ƙasa, sahu-sahu, suna sheƙi a rana. A gefe ga rariyar da nake tace shinkafa, ga ɓawon lemon tsami tuli. Ban taɓa riƙe bindiga ba a rayuwata, amma na san kwanson harsashi in na gan shi.

Abin da na ji ba tsoro ba ne da farko, ƙyama ce. Waɗannan abubuwa an tsinto su ne daga titi, daga kwata, daga inda Allah kaɗai ya san wa aka harba, aka zo aka wanke dattinsu a tukunyar da nake dafa kukar mahaifiyata. Na shiga banɗaki na amayar da lomomin nan biyu da abin da na ci da safe.

Da na fito na ce, "Auta, mene ne wancan?"

Ya wanke hannu tukuna, a natse, sannan ya ce, "Yaya, famfon warsha ne ya ɗauke, shi ya sa na hawo da su. Wallahi na wanke tukunyar da sabulu."

"Tukunya na tambaye ka?"

Nan fa ya gyara zama, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne fuskarsa ta washe, kamar an tambaye shi babin da ya fi iyawa. Ya ce in an harba bindiga kwanson yakan kumbura, bakinsa ya ɗan miƙe, ba zai koma mazauninsa daidai ba. Aikinsa shi ne ya wanke, ya ware masu tsaga, ya mayar da sauran girmansu na asali, ya daidaita tsawo, ya goge baki. Ya ce na Usta duk a karkace suke fitowa, wani ya shige wani ya maƙale, amma nasa in ka jera su ba ka bambance ɗaya da ɗaya.

"Ni ban taɓa albarushi ba, Yaya. Ban san inda ake cika su ba, ban tambaya ba. Tagulla kawai nake gyarawa. Tagulla kuwa tsarkakakkiya ce, babu saɓani."

Na ce, "Kai da muka zauna gaban malami ɗaya aka karanta mana mas'alar mai sayar da inabi ga wanda ya san giya zai matsa? Ka manta hukuncin?"

Ya ce, "Wannan in akwai yaƙini ne. A nan zato ne kawai. Masu kanti ne ke saye don tsare dukiyarsu, kare kai kuma halal ne. Ballantana mas'alar akwai hilafi tsakanin malamai."

Haka ya dinga jero mini ƙa'idojin usulu, ɗaya bayan ɗaya, da kyakkyawan lafazi. Ilimin da tsoho makaho ya tura shi ya nemo, shi ya mayar sabulun wanke wannan ƙazanta. Na ce masa halas, ya isa. Na ɗauki tukunyar da rariyar na ajiye a ƙofar gida, washegari mai sayen tarkace da ke yawo da amalanke yana kiran "bikiya" ya wuce na miƙa masa kyauta. Tun daga ranar ban ƙara sa hannu a faranti ɗaya da Auta ba. Kowa da kwanonsa, kamar 'yan gidan haya da ba su san juna ba.

Na sauka wurin Usta da niyyar in yi masa tatas. Ya tarbe ni da "ahlan ya shehu", ya sa a kawo shayi, ya saurari duk abin da na zo da shi yana busa mini hayaƙi. Na gaya masa wannan mutum ɗalibi ne, amana ne a hannuna, mahaifinsa ya hana shi ƙira. Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya shehu. Ni na kira shi? Shi yake zuwa, wani lokaci kafin in buɗe. Ɗan'uwanka hannunsa na zinariya ne. Irinku masu rawani sun cika gari, irinsa kuwa babu." Ya yi dariyar nan tasa mai haƙora ruwan ƙasa, ya nuna mini ƙuryar shago da haɓa.

Bayan wani labulen buhu na hango Auta. Yana zaune kan kujerar katako gaban wani ƙarfe mai hannu da aka ɗaure a jikin tebur. Ya ɗauki kwanso daga kwano, ya duba shi a hasken ƙwan lantarki, ya shafa masa ɗan mai, ya sa, ya ja hannun ƙarfen ƙasa a hankali, ya cire, ya auna da wani ma'auni mai kamar baki, ya jefa a wani kwanon. Wanda bai yi masa ba ya ture gefe da bayan yatsa. Leɓensa yana motsi. Na matsa kusa, sai na ji bitar haddarsa yake yi, kamar yadda ya saba in yana wanki ko yana tafiya. Aya tana fita, kwanso yana faɗawa kwano. Ban taɓa ganin natsuwa irin wannan a fuskarsa ba, ko a aji ko a masallaci. Na fita ban sha shayin ba.

Na yi duk abin da na iya. Na yi nasiha, na yi zagi, na yi kwana da kwanaki ba na yi masa magana. Na kai ƙararsa wurin manyan ɗalibai 'yan gida, suka zaunar da shi, ya ce "to". Na ce zan kira Baba in gaya masa, ya dube ni ya ce, "In kana so hawan jininsa ya kashe shi, ga waya." Na san kuwa da gaskiyarsa a nan, shi ya sa maganar ta fi ƙona ni. Har gida na sauya mana, muka koma Abbasiya kusa da sauran ɗalibai, na ce nisa zai raba su. Ashe na ƙara masa kuɗin mota ne kawai. Ni ina shiga bas zuwa makaranta, shi yana neman hanyar Ainu Shams.

Akwai wata baiwar Allah a bakin layinmu na da, mai sayar da shayi da 'yan soye-soye. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su aikin hajji, tafiya ta ƙare musu a Sudan, ita kuma wahala ta koro ta Masar. Hajja muke ce mata. Hausarta irin ta tsofaffi ce, gauraye da Larabci, kuma tun ranar da ta ji muna magana ta ce mu 'ya'yan gida ne. In azumi ya zo takan aiko mana da kisira, burodinsu mai laushi kamar sinasir, da miyar kuɓewa. Ko bayan mun tashi na kan je in gaishe ta, wani lokaci kuma, ba zan ɓoye ba, don in leƙa ko Auta yana warsha.

Wata Juma'a a shekarar 2013 na je bayan la'asar na tarar ana biki a layin. An tare titi da manyan labulaye masu zane, an jera kujeru, an kafa lasifiku har ƙirjin mutum yana rawa. Ina zaune kan bencin Hajja ina shan shayi motar amarya ta shigo. Al'adarsu ce a irin waɗannan unguwanni in amarya ta iso dangin ango su yi harbi sama, kuma a shekarun nan babu mai hanawa. Samari suka zaro ƙananan bindigogi, tas-tas-tas, mata suna guɗa. Hajja ta ce, "Ya Sattar, waɗannan mutane ba su da hankali," ta juya za ta sauke buta. Sai na ga butar ta faɗi, ita kuma ta zauna daɓas a ƙasa tana riƙe da kafaɗa, tana kallona kamar ni zan gaya mata abin da ya faru. Jini ya fara ratsa farin mayafinta.

Kiɗan ma ba a kashe ba sai da aka yi ta ihu. Muka ciccibe ta muka sa a keke mai ƙafa uku, wata maƙwabciyarta ta shiga tare da ita. Da suka tafi na juyo, rigata duk jini, sai na hango Auta a tsakiyar titi, a durƙushe tsakanin kujeru, yana tsintar wani abu yana zubawa a aljihu. Wallahi na ɗauka carbin Hajja ne ya tsinke yake tattara mata. Har zuciyata ta ɗan yi sanyi, na nufe shi.

Ya ɗago, ya buɗe tafin hannunsa. Kwanso ne, da ɗuminsa. Ya juya shi a haske ya ce, "Yaya, duba. Nawa ne wannan. Ka ga bakin? Ko tsagewa bai yi ba."

Bai san an harbi Hajja ba a lokacin, ya ce yana cikin warsha, ƙarar ce ta fito da shi, Usta kuma ya ce ya tattaro kafin yara su riga shi. Na yarda bai sani ba. Amma murnar da na gani a idonsa har yau in na tuna sai ƙyama ta kama ni. Na nuna masa rigata na ce, "Wannan ma naka ne." Ya dubi jinin, ya dubi bencin da babu kowa.

Hajja ba ta mutu ba, amma hannun bai ƙara ɗaga babbar buta ba. Muka je duba ta, Auta ya sayi lemo leda guda. Ta dafa kansa da hannun mai lafiya tana sa masa albarka, tana cewa Allah ya sa ya koma wa iyayensa da ilimi mai amfani. Na fita waje na tsaya, don ba zan iya ji ba. A hanya ya yi kuka, ya rantse ya bar warsha har abada. Ya bari kuwa, na ɗan lokaci. Sannan ya fara cewa ai masu harbi a bikin suna da yawa, wa ya tabbatar daga nasa ne? Zato ya sake dawowa, yaƙini ya sake ɓacewa. Jarrabawa ta zo ya faɗi darussan da ko barci yake yi ya kamata ya ci, aka ce ya maimaita shekara. Faratansa suka koma baƙi.

Da zafin 2014 na gama, na shirya komawa gida. Duk wanda ya yi karatu a waje ya san abin da ke faruwa in an ji ɗalibi zai tafi. Ɗakinka ya zama tasha. Kowa ya zo da ƙunshinsa: dabino, habbatus sauda, turare, jallabiya, littafi, an naɗe da leda an liƙe an rubuta na wane ne a wane gari. Sallahu ne, kuma ba a buɗe sallahu. In ka buɗe, ko ka tsananta tambaya, ka ce wa ɗan'uwanka ba ka yarda da shi ba ke nan, kuma maganar za ta riga ka isa gida. Haka muka tarar ana yi, haka muka yi. Auta ya kawo nasa a ƙarshe, ƙunshi madaidaici, ya ce, "Tsarabar Baba da Inna ce." Tambaya ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye ta. Duk abin da ke tsakaninmu, ban iya kallon mahaddacin Alƙur'ani in ce buɗe in gani ba. Na cusa a akwati tsakanin littattafai.

Duk tsawon tafiya tunanina ɗaya, me zan ce wa tsohon. Na yanke shawarar zan ce yana lafiya, karatu ya ɗan yi masa nauyi, sauran kuma in bar wa mai shi ya faɗa da bakinsa.

Kwana biyu da isowata na kai saƙon. Na tarar da tsohon a inda na bar shi, kan buzun nan, sai dai ya ƙara ramewa. Aka kira Inna, matarsa, ta tsaya daga bakin zaure, manyan 'ya'yan suka ajiye guduma suka zo. Tsohon ya ce shi zai kwance da kansa. Ya lalubo hula, ya gwada, aka yi dariya. Ya lalubo carbi. Ya miƙa wa Inna mayafi da kwalbar turare. Can ƙasa sai ga wani ɗan abu a naɗe cikin auduga. Ya warware, ya faɗo cinyarsa yana ƙyalli.

Tandun kwalli ne na tagulla, ɗan ƙarami, da murfinsa da tsinken shafawa, an zana masa 'yan layuka a jiki. Inna ta ce, "Kai, Masar akwai abin kyau!" Ni kuwa na ƙura masa ido. Gindin nan mai gefe na san shi, na gan shi sahu-sahu a barandarmu. Wato da kwanson harsashi na ratsa filin jirgin Alƙahira, a shekarar da ake kama baƙo kan abin da bai kai wannan ba. Shi a ganinsa gwaninta ya yi, ya mayar da abin banza abin ado, ya aiko wa uwarsa ta sa a ido.

Tsohon bai miƙa wa Inna ba. Ya riƙe shi, ya cire murfin, ya zagaya bakin da babban yatsa, a hankali, ya sake zagayawa. Ya shafa gindin. Ya kai hanci ya shinshina.

"Wannan ba saye ya yi ba," in ji shi. "Haka nake kashe kaifin baki, ta ciki tukuna sannan ta waje. Yana ƙarami yakan zauna yana kallona."

Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina.

"Kuma ba don kwalli aka fara yin sa ba. Ko ba haka ba, ɗana?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Guda ɗaya ne, ko aikinsa ke nan?"

Na ce, "Aikinsa ke nan." Na so in ƙara da cewa na yi faɗa, na sauya gida, na zubar da tukunya, amma na ji duk ba su da amfani a wurin.

Ya ci gaba da juya abin a hannu. Na zaci zai jefa shi a wuta, ko ya tsine, ko ya ce na ci amana. Da ma hakan ya yi. Sai ya sake zagaya bakin da yatsa, ruwa ya gangaro daga idanun nan da ba sa gani, ya ce da ƙaramar murya, "Ya iya. Ya fi duk yayyensa iyawa. Abin da nake tsoro ke nan."

Da zan tafi na durƙusa na miƙa masa hannu. Ya kama, ya juya tafin sama kamar ranar farko, ya daɗe yana shafawa, sannan ya sake ni. Ɗayan hannun nasa yana dunƙule a kan tandun, Inna tana tsaye tana jira a ba ta tsarabarta.